Yadda Ake Gane Riyali Na Gaskiya

Da muka je hutu Magajin Gari a ƙasar Birnin Gwari, sai wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta, ta nuna mana wani farin ƙarfe da ta gada wajen kakarta. Wai wani ɗan kasuwa ya ce dalma ce, ya taya da arha. Ta ce, "'Ya'yana, ku da kuka yi karatu, ku duba mini."

To, farkon aiki shi ne duba abin da ke jikinsa. A fuska ɗaya ga surar mace, a ɗayar ga gaggafa mai kai biyu da lamba 1780. Wannan shi ne riyali, kuɗin Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, wanda fatake suka riƙa kawowa ƙasar Hausa. Amma kada lambar ta ruɗe ku. A 1780 sarauniyar ta rasu, aka ci gaba da buga kuɗin ba a sake shekarar ba, har a Landan da Bombai. Saboda haka lambar ba shaidar tsufa ba ce.

Gwajin azurfa kuwa uku ne. A auna shi, na gaskiya giram 28 ne. A ƙwanƙwasa shi, azurfa tana da amo mai daɗewa, dalma kuwa ba ta da shi. A dubi gefensa, akwai rubutu kewaye da shi, na jabun zubi kuwa dishi-dishi yakan fito.

Na tsohuwa ya ci gwajin duka, muka ce ta riƙe abinta. Ku ma in an kawo muku irinsa, ku auna tukuna, kana ku yanke magana.