Kula da Fata da Gashi a Garuwa da Arewacin Kamaru

Yanayin Garuwa, birnin da ke bakin kogin Binuwai, yana wahalar da fata ta fuska biyu, domin hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu yakan busar da ita har dunduniya ta yi faso, sannan zafin Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40, ya kawo ƙuraje da ƙyasbi. Shafa man kaɗanya bayan wanka, tun jiki yana da danshi, ya wadatar ga bushewa.

Makero, wato cutar fungas da ke cinye gashin yara ta bar tabo zagayayye mai ɓarɓashi, ya fi buƙatar kulawa, saboda man shafawa ba ya kaiwa ga saiwar gashi, sai an sha magani irin su griseofulvin na mako 6 zuwa 8 bisa umarnin likita, kuma askar wanzami da mataji da hula suna yaɗa shi, don haka ya kamata kowane yaro ya riƙe nasa. Ƙazuwa kuwa, wadda ƙaiƙayinta ke tsananta da dare, ba ta ƙarewa sai an yi wa dukan mutanen gida magani lokaci guda.

Mayukan bilicin masu sinadarin hydroquinone ko mercury, waɗanda gwamnatin Kamaru ta haramta a 2022 amma ba su bar kasuwa ba, suna lalata fata. Duk tabon da ya yi fari-fari kuma ba ya jin taɓawa, a kai shi asibiti da wuri, domin yana iya zama farkon kuturta, wadda ake warkarwa da magani kyauta.