Zobe A Ƙafar Kaza: Darasi Domin Ƙungiyoyin Manoma

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan wani ɗan ƙaramin abu ne mai araha, wato zoben da ake sa wa kaza a ƙafa domin a shaida ta.

A ƙauyukanmu na kewayen Birnin Kebbi da Argungu, kaji na gidaje dabam dabam suna kiwo tare tun safe, balle da kaka sa'ad da ake sussukar shinkafar fadama. Tun dā iyayenmu mata suna da dabarunsu. Wata takan ɗaura tsumma a fiffike, wata ta shafa shuni, wata kuma ta yanke farce ɗaya. Amma tsumma yakan kwance, shuni ya koɗe, yanka kuwa ciwo ne. Waɗannan alamu duka suna nuna mai kaza ne kawai, ba sa faɗin shekarunta ko aikinta.

A nan ne hasararmu take. In Kirsimati ta matso, ko kuɗin makaranta ya taso, mukan kama kazar da ta fi sauƙin kamu, ko wadda muka ga ta rame, mu kai kasuwa. Sau da yawa kuwa ita ce uwa ta gari. Kaza mai yawan ƙwai ba ta cika ƙiba ba, in ƙafarta rawaya ce ma launin yakan dushe. Mai sheƙi da kitse, wataƙila ta daɗe ba ta saka ko ɗaya ba, hatsinmu take ci a banza. Kazar gida takan yi kwanci kamar sau 3 a shekara, kwana 21 kowane kwanci, ƙwan zabi kuwa wajen kwana 28. Wace ce ta ƙyanƙyashe goma ta yaye takwas, wace ce shirwa ta kwashe nata? Bayan wata shida ba mai iya tunawa.

Ga yadda za mu yi. Ƙafar dama ta gida ce: ƙungiya ta ba kowane gida launinsa, in launuka sun kasa a haɗa biyu. Ƙafar hagu ta shekara ce: duk kajin da aka ƙyanƙyashe bana su sami launi ɗaya a ƙungiya duka, baɗi a sāke. In an sami zoben roba mai lamba wurin masu sayar da magungunan dabbobi, ya fi. In babu, guntun wayar lantarki mai rigar roba ya isa, a lanƙwasa bakinsa kada ya soke ta. Kada mu yi amfani da zare ko igiyar buhu, gama sukan nannaɗe yatsu har yatsa ya mutu.

Sai mu lura ƙwarai da wannan. Zobe ya riƙa juyawa, yana hawa yana sauka, amma kada ya zare ta kan yatsu. Ƙafar ɗan tsako tana girma da sauri, zoben da ya yi daidai yau zai nutse cikin nama nan da mako kaɗan, ƙafa ta kumbura, kaza ta gurgunce. Saboda haka mun fi so a jira sai sun yi wata 2 ko 3, daga nan a duba kowane mako har su gama girma. Da damina laka takan daskare a ƙarƙashin zobe, sai a wanke. Lokacin da ya fi kyau shi ne da dare, bayan sun shiga akurki. Aiki ne da yara 'yan makaranta za su yi da murna, in an nuna musu sau ɗaya.

Zobe kuma yana taimakonmu wajen rigakafi. Mun san annobar nan da takan share kaji da hunturu, mai sa zawo kore da murɗewar wuya, wadda likitocin dabbobi suke kira Niyukasal. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wani mai suna I-2, wanda ake ɗigawa a ido, ya kuma fi sauran jure zafi. Amma ƙarfinsa ba ya daɗewa, dole a maimaita bayan wata 3 zuwa 4. Ran da malamin dabbobi ya zo, kaji arba'in suna fuffuka, da me za mu san wadda ta samu da wadda ta tsere? Da lamba ko launi za a kira su ɗaya ɗaya. Haka nan kazar da aka sayo a kasuwa, ko aka ba mu kyauta, a ware ta mako 2 kafin ta sami zobe ta shiga cikin sauran.

Amma zobe ba ya rubutu. Kowane gida ya sami ɗan littafi, kowace kaza da shafinta: watan ƙyanƙyashewa, ƙwai nawa ta kwanta a kai, nawa suka fito, nawa suka kai yaye, da ranar rigakafi. Wanda bai iya boko ba ya ja layi layi, ko ya rubuta da ajami. Tun da yake mata ne masu yawancin kajin, littafin ya zauna a hannunsu, kada maigida ya sa shi a aljihu ya tafi gona.

Kafin taro mai zuwa, kowane ɗan ƙungiya ya ƙidaya kajinsa da dare, ya kawo jimlar. Magatakarda kuma ya zo da jerin gidaje da guntayen waya masu launi, domin a raba a wurin.