Robar Wuya Ga Mai Bugun Zuciya Marar Tsari

Wani ɗan'uwa daga Fakuwa, a ƙasar Kankia, ya aiko da tambaya kan mahaifinsa. Dattijon ya daɗe yana fama da hawan jini, yanzu ƙoda ta gaza, an tura su Katsina domin wankin ƙoda. An ce za a sa masa roba a jijiyar wuya, kuma ɗan ya tsinkayi likita yana gaya wa abokin aikinsa cewa zuciyar Baba ba ta bugawa daidai, sai an bi a hankali. Abin da yake so ya sani shi ne, su sa hannu a takarda ko su tattara su koma gida.

Ka sa hannu, ɗan'uwa. Mutumin da ƙodarsa ta tsaya, komawa gida ya fi robar haɗari nesa ba kusa ba. Amma ka sa hannun da idonka a buɗe.

Fara da kama wuyan hannun Baba. Ɗora yatsu biyu a gindin babban yatsa, ka saurara na minti guda. Na mai lafiya kamar dakan sakwara yake, bugu na bin bugu. Na Baba kuwa za ka ji kamar ɗan koyon kalangu: biyu da sauri, shiru, ɗaya mai ƙarfi, uku a jere. Galibi wannan shi ne abin da za ka ga an rubuta AF a katin asibiti. Ɗakunan sama na zuciya sun daina matsawa gaba ɗaya, sai makyarkyata kawai suke yi. A wajenmu tsohon hawan jini na kawo shi, haka ma ciwon ƙofofin zuciya da kan biyo bayan ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi wa magani ba.

Ita robar, siririya ce mai tsawo. Ana shigar da ita ta babbar jijiyar wuya, yawanci ta dama domin ita ce ta miƙe sak, a gangara da ita har bakinta ya tsaya dab da mashigar zuciya. Dabarar tsohuwa ce, wani likitan Suwidin mai suna Seldinger ya fito da ita a 1953: a soka allura, a zura lallausar waya ta cikinta, a zare allurar, sannan a bi wayar da roba. Huda jijiyar ba shi ne wuyar aikin ba, musamman yanzu da ake ganinta ƙuru-ƙuru da na'urar sikanin. Wuyar tana ga inda bakin robar zai tsaya. In ya tsaya sama da yawa, ba ya jan jini sosai kuma yana saurin toshewa. In waya ko roba ta zarce cikin zuciya, sai ta riƙa tsokanar bangonta, zuciyar da dama a birkice take ta ƙara birkicewa. Ga babban mutum, in ta wuyan dama aka shiga, tafiyar ba ta wuce santimita 15 ko kusa da haka ba. Tsakanin daidai da kuskure, faɗin yatsu biyu ne.

A nan ne maganar da ka tsinkaya ta samo asali. Akwai wata hanya mai kyau ta gane wurin tsayawa tun ana cikin aikin. Ana haɗa robar da injin zanen bugun zuciya, I-si-ji, sai bakinta ya zama kamar kunne a cikin jijiya. A zanen mai lafiya akwai ɗan tudu kafin kowane babban tsini, likitoci na ce masa P. Robar na matsowa tudun na girma, inda ya ƙure tsawonsa nan ne wurin. In aka wuce sai ya fara lotsawa ƙasa. To, mai AF ba shi da wannan tudu kwata-kwata, sai ƙananan rawar layi. An yi shekaru ana cewa hanyar ba ta aiki a kansu. Daga baya likitoci, musamman a Italiya, suka nuna cewa ita ma rawar tana ƙara tsawo idan bakin robar ya kusa mashigar zuciya, don haka gwani na iya karanta ta. Na ce gwani. Ni dai ban yarda a dogara da ita kaɗai ba a hannun wanda bai saba ba.

Sauran hanyoyin babu ruwansu da tsarin bugu, shi ya sa suka fi dacewa da Baba. Ana kaɗa ruwan gishirin asibiti a sirinji har ya yi ƙananan kumfa, a tura ta robar, likita na kallon zuciya a sikanin. In kumfar ta bayyana a ɗakin dama nan take, cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, bakin na kusa. In ta yi jinkiri, wataƙila robar ta yi ɓatan kai. Sai kuma hoton ƙirji, wanda kowa ya sani. Shi yana nuna inda robar ta tsaya, yana kuma tona asiri idan allura ta taɓa huhu iska ta taru. Saboda haka tambaya ɗaya nake so ka yi, cikin ladabi, kafin a jona Baba da inji: "Likita, an duba inda bakin robar ya tsaya?" Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Naka aikin yana farawa tun kafin a shiga ɗaki. Tattaro duk magungunan da Baba ke sha a leda guda, har da na kemis da jiƙe-jiƙen gida, ka zube su gaban likita. Masu AF da yawa suna shan maganin tsinka jini, irin su wafarin, domin kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Ɓoye wannan na iya jawo zubar jini a wuya, daina shi da kanka kuma na iya jawo shanyewar. Likita ne zai gwada jinin ya yanke. Ka faɗa in an taɓa dasa masa batirin zuciya, in an taɓa sa masa roba a wuya ko ƙirji da ɓangaren da aka sa, in kuma ba ya iya kwanciya rigingine sai ya ji numfashi na sarƙewa, domin aikin a kwance ake yinsa, kai a ɗan gangare. Shi kuma Baba ka shaida masa cewa yana iya jin faɗuwar gaba lokacin da waya ke shiga, ya faɗa da baki, kada ya motsa wuya. Ja da wayar baya kaɗan yakan kwantar da abin.

In likita ya zaɓi jijiyar cinya a karon farko, kada ka ɗauka ha'inci ne. Ta can waya ba ta cika kusantar zuciya ba, sai dai robar ba ta daɗewa. Jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya kuwa ana gudunta ga mai ciwon ƙoda, saboda takan tsuke ta ɓata hannun da za a buƙata nan gaba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayan sallama. Daga Kankia zuwa Katsina tafiyar kusan awa guda ce a kan titin Kano, ban da shigowa daga ƙauye, kuma Kano ta fi nisa. Robar nan ƙofa ce buɗe zuwa zuciya. Kada ruwa ya taɓa filastar da ke kanta. Wanka daga ƙirji zuwa ƙasa, sama a goge da tsumma. Alwala ba matsala, amma batun wankan ibada a tambayi malami kan taimama. Lokacin hunturu a rufe da mayafi mai tsabta saboda ƙura. Kada kowa ya buɗe marfinta, ko mai allurar unguwa da ya ga hanya ta samu ya ce zai sa ƙarin ruwa ta nan. In marfi ya fita, a danne ɗan makullin da ke jikin robar, a kwantar da Baba ta gefen hagu, a nemi mota. In robar ta zare, a danna wurin da tsumma mai tsabta ba sassautawa. Zazzaɓi da rawar sanyi, musamman bayan wanki, kada a ce na sauro ne a tafi kemis. A wuce Babban Asibitin Kankia ko wanda ya fi kusa, a gaya musu akwai roba a wuya tun daga bakin ƙofa.

Robar nan ta wucin gadi ce, ta makonni ƙalilan. Tun a wankin farko ka tambayi ranar da za a canza ta da wadda ake binnewa ƙarƙashin fata, da ranar da za a haɗa masa jijiyar hannu ta wankin, domin ita takan ɗauki mako shida ko fiye kafin ta nuna. Daga yau kuma hannun da likita ya ware don wannan, kada a ɗebi jini ko a sa ƙarin ruwa a cikinsa. Allah Ya ba Baba lafiya.