Bedi da ruwan sama

Bedi, wanda ake kira dogon yaro, baƙo ne a Nijar. Asalinsa ƙasar Indiya. Yau babu garin da ba a shan inuwarsa, amma ba ko'ina yake girma daidai ba.

Idan aka dasa bedi biyu rana ɗaya, guda a Gaya, guda a Tawa, bayan shekara goma na Gaya ya fi kauri da yawan rassa. A Gaya ruwan sama yakan kai milimita 800 a shekara, damina kuma tana daɗewa. A Tawa da wuya ya wuce 400. A Agadas kuwa, sai da ban ruwa bedi yake rayuwa.

Me ya kawo haka? Ganye ne ke haɗa wa itace abinci da hasken rana, da iska, da ruwan da saiwa ta jawo. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita. Lokacin bazara, idan ƙasa ta bushe, sai ƙofofin su rufe don kada itacen ya mutu da ƙishirwa. Muddin suna rufe, girma ya tsaya.

Amma ruwan sama ba shi kaɗai ba ne. A kwarin Majiya, wajen Buza cikin jihar Tawa, an soma dasa bedi layi-layi a shekarar 1975 don kare gonaki daga iska. Ruwan sama kaɗan ne a can, duk da haka itatuwan sun yi tsawo, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, saiwa tana cim masa. Manoma sun samu itacen girki da na rufin ɗaki. A kan fako kuwa, bedi yakan tsumbure.

Don sanin yawan itacen da shuka ta tara, ma'aikatan gandun daji ba sa sare ta. Sukan auna kaurin gindi daidai ƙirjin mutum, wato mita 1 da santimita 30 daga ƙasa, su auna tsawo, sannan su lissafa nauyi.

Tambayoyi
1. Don me bedin Gaya ya fi na Tawa kauri?
2. Me ya taimaki itatuwan Majiya?
3. Ku auna kaurin bedi uku a filin lakwal, ku rubuta cikin kaye.