Darasi: Hoton Ish'ari Ba Kuɗi Ba Ne

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki daga Mai Wurno har Sinja da Damazin ya koma kan Bankak, manhajar Bankin Khartoum. Da yawanmu kuma mukan sa hoton tsohuwar lori, ko babur, ko bijimi a Facebook da WhatsApp don neman mai saye. To, ta nan ɓarayin zaune suke shigo mana.

Ga yadda suke yi. Mutum zai amince da farashi ba tayi. Sai ya turo hoton ish'ari, wato shaidar tura kuɗi, ga sunanmu, ga adadi daidai, alhali haɗa hoton aka yi. Daga nan sai gaggawa: "Alhaji, direba na jira, netwok ne ya riƙe kuɗin." Wani kuma ya ce ya turo fiye da ƙima, a mayar masa da ragowa.

Saboda haka mu kiyaye abu uku.

Na ɗaya, mu buɗe asusunmu da kanmu. Kuɗi bai shiga ba, igiya ba ta barin hannu.

Na biyu, makulli da takardun mota sai an biya duka.

Na uku, a ƙulla ciniki a zariba, gaban dillalin da muka sani da shaidu biyu. In babu netwok, a kwana.

Mai saye na gaskiya ba ya ƙin jira. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.