DARASI: Cinikin Intanet da Yaƙi da Talauci

Tambayar darasinmu na wannan fitowa ita ce: shin saye da sayarwa ta intanet na iya fitar da talaka daga talauci? Muna cewa yana iyawa, amma da sharuɗɗa.

Bari mu ɗauko misali daga ƙasar Sin. A lardin Jiangsu akwai wani ƙauye da ake kira Dongfeng, wanda a da mutanensa suka dogara ga kiwon alade da sarrafa tsohuwar roba. A shekarar 2006 wani saurayi, Sun Han, ya buɗe shago a kasuwar intanet ta Taobao. Daga baya ya shiga sayar da tebura da kantoci masu arha, ana aika su a kwance cikin kwali, mai saye ya harhaɗa da kansa. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Kafinta ya sami aiki, mai kwali ya samu, direba ma ya samu. A 2009 irin waɗannan ƙauyukan guda 3 ne kacal a Sin. Zuwa 2020 sun haura 5,000.

Sai dai ku lura, mafi yawansu suna lardunan gabas kamar Zhejiang da Guangdong da Jiangsu, inda tun farko akwai titi da lantarki da masana'antu. Wato intanet ta tarar da kaya a ƙasa da hanyar kai su, sai ta kawo masu saye.

To, mu nan Gana fa? Hanyar biya ta samu. MTN ta fara MoMo a 2009, kuma tun 2018 ana iya tura kuɗi daga wannan layin zuwa wancan. Harajin E-Levy da aka ɗora a 2022 an soke shi a 2025. Abin da ya rage shi ne kaya da amana.

Batun kaya, da yawanmu a Nima da Aboabo hoton takalmi da agogon waje muke sawa a WhatsApp, mutum goma a kan kaya ɗaya, riba ba ta wuce kuɗin data ba. Alhali ga kwandon Bolga da ake nema har Turai da Amurka, ga man kaɗe, ga fugu na Daboya. Matar da ke saƙa kwandon sau da yawa ba ta karatun Turanci, sai ta sayar wa duk wanda ya zo a farashin da ya yanka. Saurayi mai waya da ilimi zai iya zama dillalinta. Amma in ya saye a wulaƙance ya ninka sau goma a intanet, shi kaɗai ya fita daga talauci, ita tana nan inda take.

Amana kuwa ita ce ciwonmu. Kalmar "sakawa" da duk Gana ke kiran damfarar intanet da ita, daga Hausa ta fito, kuma wannan tabon a kanmu yake faɗawa. Don tsoron cuta ne mai saye ke cewa ba zai biya ba sai kaya sun iso hannunsa.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san an halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffa. Idan kayan sun zo daidai da siffar, ciniki ya tabbata; idan sun saɓa, mai saye yana da ikon mayarwa. A yau hoto da bayanin da ka rubuta su ne siffar. Don haka gyara hoto har launin yadi ya sauya algus ne. Haka kuma wanda ya sayi abinci, kamar buhun shinkafa, ba ya sayar da shi sai ya karɓe shi tukuna.

Aikin gida: kowa ya nemi mai sana'ar hannu ɗaya a unguwarsu, ya tambaye shi nawa yake kashewa a kan kaya ɗaya da nawa yake sayarwa, sannan ya duba farashin irinsa a intanet da kuɗin aika shi daga Kumasi zuwa Tamale. Da waɗannan alƙaluman za mu yi lissafin riba a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.