Ƙara Layin Wuta da Soket a Ɗakin Reno

A Idi-Araba da sauran unguwannin Mushin, haka ma a Zangon Agege, wuri tsada gare shi. Wanda ya samu ɗan ɗaki ko shago a bayan gida yakan so ya ci moriyarsa. Wani zai zuba 'yan tsaki ya rene su, wani kuma zai jera tire-tire na irin tumatir da tattasai ƙarƙashin fitila. Duk biyun aikin reno ne, kuma suna buƙatar wuta ta daɗe a kunne. Matsalar ita ce yawancin ɗakunan haya soket ɗaya gare su, da kwan fitila ɗaya a sama.

Abin da mutane suka saba yi shi ne su sayo ekstenshin mai baki shida su cusa komai a ciki. Ekstenshin ba ya ƙara wuta. Baki kawai ya ƙara, wayar da ke cikin bango tana nan yadda take. Kamar famfo ɗaya ne aka jera masa bokiti goma: yawan bokitin ba zai faɗaɗa bututun ba. Idan aka ja wutar da ta fi ƙarfin waya, sai wayar ta yi zafi, robar jikinta ta narke, daga nan sai gobara.

Saboda haka kafin ka sayi ko taku ɗaya na waya, zauna ka yi lissafi.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Soket mai ƙafa uku, irin na Ingila da muke amfani da shi, am 13 yake ɗauka. Idan ka ninka 230 sau 13 za ka samu 2,990. Wato soket ɗaya iyakarsa kusan wat 3,000. Kowane kayan wuta an rubuta yawan wat ɗinsa a jikinsa, lamba ce da harafin W a gefenta. Duba bayan dutsen guga ko ƙasan hita, za ka gani.

Ga misali. Kwan ɗumama 'yan tsaki guda biyu, kowanne wat 250, sun zama 500. Fanka wat 70. Firizar da uwargida ke sanyaya zoɓo da kunun aya, a ce wat 200. Jimla 770, soket ɗaya zai iya. To, sai yaro ya zo ya jona dutsen guga mai wat 1,200, aka kuma jona risho na lantarki mai wat 1,500. Yanzu jimla ta koma 3,470. An wuce iyaka, kuma ba wanda ya lura, don kowa abu ɗaya kawai ya jona. Ka kuma sani firiza tana jan wuta ninkin-ba-ninkin a daidai lokacin da injinta ke tashi. Kayan da za su kwana a kunne kuwa, kada a kai su bakin iyaka. A rage wajen kashi ɗaya cikin biyar.

Maganin shi ne a ja wa ɗakin layinsa na kansa daga akwatin rarraba wuta, wanda masu gyara ke ce wa di-bi. A cikin akwatin akwai bireka, ƙananan makunnai da ke faɗuwa da kansu idan nauyi ya yi yawa. Sabon layi yana buƙatar birekarsa. Ta haka, in wani ya tayar da matsala a kicin, 'yan tsakinka ba za su kwana cikin sanyi ba.

Nan ne ya kamata mu tsaya a kan kaurin waya, don nan aka fi cutar mutane. Layin fitilu ana ja da waya mai kaurin 1.5. Layin soket kuwa 2.5 ake sa wa, tare da bireka mai am 20. Manyan kaya kamar na'urar sanyaya ɗaki da tukunyar dafa ruwan wanka ana ba su 4, babbar kukar girki 6. Bireka aikinta ta kare waya, don haka dole su dace da juna. Idan aka ɗora babbar bireka a kan siririyar waya, wayar za ta ƙone birekar tana tsaye. Wasu in bireka ta dame su da faɗuwa sai su canja ta da wadda ta fi girma, ko su ɗaura zaren waya a gurbin fis ɗin da ya ƙone. Wannan kashe mai gadi ne don ya cika tashin mutane da dare.

A kasuwa akwai wayar da aka rubuta mata 2.5 alhali ba ta kai ba. Akwai kuma ta alminiyom da aka shafa wa launin jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa: in cikin fari ne, ajiye musu abarsu. Kamfanonin gida irin su Coleman da Cutix da Nigerchin sun yi suna, amma har sunansu ana kwaikwaya, don haka ka tafi da mai gyaranka, ka kuma karɓi rasit. Arha a waya ba ta ado.

Waya uku ke shiga soket. A tsofaffin gidaje, ja ita ce mai rai, baƙa ita ce ta komawa, koriya ta ƙasa. A sabon tsari kuwa ruwan ƙasa ce mai rai, shuɗiya ta komawa, mai ratsin kore da rawaya ta ƙasa. Wannan ta ukun ita ake yawan tsallakewa don a rage kuɗi, ita ce kuma ke ceton rai. Ana haɗa ta da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, ta yadda in wuta ta zuba a jikin firiza za ta bi ta can maimakon ta bi ta jikin mutum. Ɗakin reno ba ya rabo da ruwa: ana ban ruwa, ana wanke mazubai, ga damina da laimar Legas. Don haka ka ce a sa maka bireka mai jin yoyon wuta, wadda aka rubuta 30mA a jikinta. Tana da ɗan maɓalli na gwaji, riƙa danna shi lokaci-lokaci. Soket kuma a ɗaga shi sama, inda ruwa da ƙurar dusar katako ba za su kai ba. Waya ta bi cikin bututun roba, don ɓera yana son gurgurarta. Kwan ɗumama a rataye shi da sarƙa, kada a bar shi yana lilo da wayarsa a kan busasshiyar dusa.

Aikin nan ba naka ba ne. Naka shi ne ka san abin da za ka tambaya. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wayarin takardar shaida. Ba laifi ka ce, "Oga, mu ga takardarka. Wace waya za ka sa, bireka mai am nawa?" Gwani ba ya jin haushin irin wannan tambaya. Kafin ya taɓa komai, ya kashe babban makunni, ya kuma gwada da testa. In gidan na da janareta, a tabbatar da makunnin sauya layi yana aiki, kada wutar janareta ta koma kan wayar titi ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya. Ƙaramin janaretan nan da ake wa laƙabi da "na fi maƙwabcina" bai kai wat 1,000 ba, ya iya riƙe kwan ɗumama biyu da fanka, ban da dutsen guga.

Saura maganar mita. Har yanzu muna cewa NEPA, amma tun Nuwamba 2013 rarraba wuta ya koma hannun kamfanoni. Mushin tana ƙarƙashin kamfanin Eko, Agege kuma Ikeja Electric. Sabon layinka dole ya bi ta cikin mita. Tsallake mita sata ce, dokar lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci a kai. Ka nemi izinin mai gida tukuna. In kuma mita ɗaya kuke haɗawa da maƙwabta, ka sa ƙaramar mita a layinka, don wat 500 a kunne dare da rana yunit 12 ne kullum. A mako biyu ya zama yunit 168. Ga waɗanda ke rukunin Band A, inda yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, kuɗin ya wuce naira 33,000. Wannan lissafin yakan sa wasu su koma ɗumama da gawayi. Mai renon tsirrai ya fi samun sauƙi, don fitilar LED ba ta cin wuta sosai, kuma tsiro na buƙatar duhu na wasu awoyi kowace rana.

In ka ji warin roba, ko soket ya yi baƙi, ko fulogi ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, kashe babban makunni nan take. Kada ka watsa ruwa a wutar lantarki, yashi za ka zuba. A Legas lambar neman agaji ita ce 112 ko 767.

Aikin gida: duba kayan wuta biyar a ɗakinka, rubuta wat ɗin kowanne, ka haɗa jimla. Soket ɗaya zai ɗauke su?